Yadda za ku tayar da ƙungiyar unguwa da ba za ta mutu bayan mitin na uku ba

Kusan duk unguwar da ka shiga a Kano ko Kaduna ko Katsina za ka tarar an taɓa kafa wata ƙungiyar ci gaban unguwa, wani wurin ma allonta na nan a bakin layi ya yi tsatsa, amma ka tambayi me ta yi sai a fara kallon-kallo. Ba wai mutane ba sa son aikin ba ne. Tun daga farko ake ɗauko abin a karkace: a taru, a yi rabon muƙamai, ciyaman da mataimaki na ɗaya da na biyu, sakatare, mai binciken kuɗi, jami'in hulɗa da jama'a, har da uban ƙungiya, a yanka kuɗin fom da na katin shaida, a buɗe guruf a WhatsApp, shikenan sai guruf ɗin ya koma wajen tura barka da Juma'a da bidiyon siyasa, kwatar da ta sa aka taru kuwa tana nan a toshe.

Toh ni shawarata ku juya abin. Ku fara da aiki, muƙami ya biyo baya.

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa a fara. Ba sai kun tara duk unguwa ba, kuma ba lallai masu kuɗi ko 'yan boko ba, ku nemi irin mutanen nan da ko yanzu in an yi rasuwa su ne a maƙabarta da shebur, in an yi gobara su ne da bokiti. Ku zagaya unguwar da ƙafa, layi-layi, ku rubuta abin da ya dami mutane, za ku ga jerin ya yi tsawo: ruwa, wuta, bola, kwata, ƙwacen waya, shaye-shaye, makarantar firamaren da iska ta yaye wa rufi. Kar ku ruɗe. Ku zaɓi guda ɗaya tak wanda za a iya gamawa a yini ɗaya da ƙarfin jiki ba da kuɗi mai yawa ba, wanda kuma ko wanda bai fito ba in ya wuce da yamma zai ga an yi wani abu. A yawancin unguwanninmu wannan aikin shi ne yashe kwata kafin damina. Ruwa a Kano yakan fara sauka wajen Mayu zuwa Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, saboda haka Afrilu da farkon Mayu ne lokacinku, in kuka bari sai gidajen ƙasa sun fara zubewa ai kun makara.

Kar ku fara da tiransifoma ko kwalta, don Allah. Waɗannan miliyoyi suke ci, suna ɗaukar watanni, kuma sabuwar ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe ko naira dubu goma ta jama'a ba ba wanda zai yarda ya damƙa mata miliyan.

Kafin ku faɗa wa kowa, ku je wajen mai unguwa. Wannan ba zaɓi ba ne. Matasa da yawa suna ganin ai ba shi da wani iko, eh ba shi da baitulmali, amma shi ne ya san gidan wane da wane, shi hakimi da DPO za su tambaya in magana ta taso, kuma in ya ji labarin a bakin wani kafin ya ji a bakinku to ko bai hana ba zai naɗe hannu, naɗe hannunsa kaɗai ya isa dattawa su ƙi fitowa. Ku je ku uku, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce ranka ya daɗe mun zo neman izini da albarka ne, ga abin da muke son yi ga rana, muna so a ƙofar gidanka za a taru. Shi zai sanar da dagaci in da buƙata. Daga nan sai limaman masallatan unguwa su yi sanarwa bayan sallar magariba ko isha'i kwana biyu ko uku a jere, in unguwar akwai coci ku je wajen fasto ma, in akwai tsangaya ku gaida alaramma, amma fa ba don a turo muku almajirai su yi aikin ku kuna tsaye ba, wannan ɗabi'ar a daina ta.

Mata kuma kar ku ce ai za su ji a bakin mazajensu, ba za su ji ba. Ku bi ta malamar Islamiyyar matan aure da ungozoma da uwar adashe. Su suka san wane bohol ne ya lalace, nawa ɗan garuwa ke sayar da jarka yau, kuma sharar da ke toshe kwatar daga cikin gidaje take fitowa a hannun yara, in ba a yi magana da uwayen ba kun yashe yau bayan sati biyu ta koma yadda take.

Ranar aikin

In a Kano kuke, Asabar ɗin ƙarshen wata ta fi sauƙi, tunda dama ranar tsaftar muhalli ce ana hana zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe, mutane na gida. Abin ya samo asali ne tun lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980, sai dai yanzu yawancin mutane barcinsu suke yi har goma ta buga. Kayan aiki aro za ku yi, kar ku saya: shebur, manjagara, diga, baro, buhunan da aka gama amfani da su. Masu gidan bulo da birkiloli su ne ke da su. A rubuta sunan duk wanda ya ba da aro da abin da ya bayar, a mayar masa a wanke a ranar, wallahi baro ɗaya ya ɓata sai ya zama maganar shekara.

Ku fara daga ƙasa inda ruwan ke fita, ku yi sama. Mutane da yawa kowa ƙofar gidansa yake yashewa, sai ruwan ya taho da gudu ya tarar kwalbatin bakin titi a cushe da leda da robar lemo da tsumma, ya dawo ya shiga gidan da ya fi kowa gangare. Kwalbatin nan shi ne rabin aikin, ku sa ƙarti huɗu ko biyar a kansa da dogon rodi da manjagara.

Sai babban kuskuren da ake yi kowace shekara, a kwaso baƙin taɓon nan a jibge shi a gefen kwatar a tafi a barshi wai ya bushe. Kaji su tone, yara su tattake, 'yan adaidaita su bi ta kai, ruwan farko na sauka ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Tun kafin ranar ku san inda za a kai shi. A Kano ku rubuta wa REMASAB, hukumar kwashe shara, ku nemi mota, ku kuma bi takardar da ƙafa, sauran jihohi kowa da hukumarsa ta muhalli. In motar ba ta samu ba ku yi ciniki da mai tifa ko masu kura su kai bolar da hukuma ta amince. Manoman bayan gari ma sukan so sharar gari don taki a lokacin rani, in kun san wani ku yi masa magana, illa dai ledar ce ba sa so. Kar a ƙona leda a cikin layi, masu asma da jarirai ne ke shan wahalar hayaƙin.

A kula da lafiya. Cikin kwata akwai fasassun kwalabe da reza da allurai, duk mai shiga ya sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu, wanda ya yanke a wanke da sabulu a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus kar a ce ai ɗan ƙaramin ciwo ne. Kar yara ƙanana su shiga ƙarƙashin kwalbati, kuma kar kowa ya sauka cikin rufaffen rami ko tsohuwar masai, iskar da ke ciki tana kashewa cikin mintoci, mai shiga ceto ma yakan tafi tare da wanda ya je cetowa.

Abinci ba dole ba ne amma yana da amfani. Wani ya kawo fiya wata leda biyar, wata hajiya ta aiko da kunu da ƙosai, a ci a tsaye ana tsokanar juna. Samarin nan na bakin layi da kowa ke cewa 'yan shaye-shaye ne ku gayyace su da sunansu, sau da yawa su ne za ka gani tsundum cikin kwatar har gwiwa, masu babbar riga na gefe suna nuni da yatsa. A ɗauki hoto kafin a fara da bayan an gama, za ku buƙace shi gaba.

Bayan an ga aiki sai a yi zaɓe

Sati ɗaya ko biyu bayan nan ku kira mitin. Yanzu kowa ya ga wanda ya fito da wanda ya ce yana da ɗaurin aure a Wudil. Muƙamai uku sun isa, shugaba da sakatare da ma'aji, sai wakili ɗaya daga kowane layi, da wakilan mata aƙalla biyu waɗanda matan ne suka zaɓa da kansu. Mai unguwa da liman su zama iyaye masu ba da shawara da sulhu, kar a ba su riƙon kuɗi, ba don ana zarginsu ba, don dai ranar da lissafi ya rikice ba yaron da zai iya miƙewa ya ce wa liman ina kuɗinmu. Dokokin ƙungiya kar su wuce shafi biyu, a rubuta da Hausa, a ciki a faɗi wa'adin shugabanni, shekara biyu ya yi, da yadda ake cire wanda ya gaza. Mitin sau ɗaya a wata, awa ɗaya, a fara a kan lokaci ko da mutum shida ne.

Kuɗi kuwa, nan ne ƙungiyoyi ke mutuwa, saboda haka bari in daɗe a nan. Ku yanka abin da talakan unguwar zai iya biya ba tare da ya ji haushi ba. A ce gida 120 ne, kowane gida naira 500 a wata, dubu 60 kenan in kowa ya biya, kuma ba kowa zai biya ba, ku yi lissafinku a kan rabi da ɗan wani abu. Gidan marayu da tsofaffin da ba mai kula da su a yafe musu a fili a gaban kowa. Masu shago da gidan burodi da masu sayar da ruwa a yi musu nasu daban. Rigimar mai gida da ɗan haya a raba ta tun wuri: abin da zai dawwama kamar gina kwata ko kwalbati mai gida ne zai biya, abin yau da gobe kamar sintiri da kwashe shara wanda ke zaune a gidan ne.

Ko naira ɗari aka karɓa a ba da risit. Kuɗi kar ya kwana a aljihun kowa, kar kuma a riƙa turawa asusun ma'aji na kansa, yau matarsa ba lafiya ya ara da niyyar mayarwa, gobe magana ta zama ta dangi. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa kuɗi ke fita, alat kuma ya riƙa shiga wayar wani na huɗu wanda ba ya cikin masu sa hannun. Kowane mitin abu na farko bayan addu'a ma'aji ya miƙe ya karanto, an tara kaza, an sayi siminti buhu kaza a kan kaza ga risit, an ba mai tifa kaza, saura kaza, sannan a ɗauki hoton shafin a tura guruf a kuma liƙa kwafi a jikin bangon masallaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya yi tambaya kar a ce ya raina manya, a ba shi amsa, irinsa ne ke sa sauran su ci gaba da biya. Sunayen waɗanda ba su biya ba kuwa kar a karanta a masallaci, tozarci ne, wakilin layi ya same su a gida.

Banki zai nemi takardar rajista. Mafi sauƙi ita ce ta ƙaramar hukuma, a sashen da ke kula da ƙungiyoyin taimakon kai da kai, wasu bankunan musamman ƙananan nan sukan karɓe ta, ku tambaya tukuna. Ta CAC kuma, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wadda ake yi wa amintattun ƙungiya a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, tana buƙatar a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin lauya ko ejan. Ku bar ta sai kun shekara kuna aiki ko kuma wata ƙungiyar agaji ta ce sai da ita za ta ba ku tallafi.

Neman haƙƙi a wajen hukuma

Aikin gayya ba ya nufin kun yafe wa gwamnati nata. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, amma mutum nawa ne suka san sunan nasu? Ku gayyace shi mitin. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, aiwatarwar dai ana ta jan ƙafa, amma ko ba komai kuna da hujjar tambayar ciyaman me aka ware wa mazaɓarku.

Takarda a rubuta ta gajere, buƙata ɗaya a takarda ɗaya, wuri kaza, matsala kaza, gidaje kaza abin ya shafa, ga abin da mu muka riga muka yi da kanmu ga hotuna, ga abin da ya fi ƙarfinmu. Wannan layin na abin da kuka yi da kanku shi ke bambanta ku da masu zuwa maula. Mai unguwa ya sa hannu da hatimi. Ku kai kwafi biyu, a buga muku tambarin an karɓa da kwanan wata a kan naku, ku tambayi sunan ofishin da za ta je, ku dawo bayan sati biyu, ku sake dawowa. In an yi shiru wata biyu sai ku tafi rediyo, a Kano shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio ya sha tayar da jami'ai daga barci, amma ku je da kwafin takardar mai tambari, ku faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya kuma akwai shafin intanet mai suna Tracka na ƙungiyar BudgIT da ke bin sawunsu, ku duba ko an taɓa sa wa unguwarku bohol ko ajujuwa a kasafi ba ku sani ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan tambayar.

Maganar tiransifoma. NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta sha nanatawa cewa gyara ko sauya tiransifoma da turaku da waya aikin kamfanin rarraba wuta ne ba na masu biyan bil ba. Na san a zahiri unguwa takan gaji da duhu ta yi karo-karo ta saya, toh in har za ku yi hakan ku fara kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin, in ba a yi komai ba ku wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC, in kuma dole sai kun saya to a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin kafin ku kashe ko sisi, a faɗi yadda za a mayar muku da kuɗinku ko a rage a bil. In ba haka ba ranar da aka jona shi ya zama nasu, kun yi kyauta.

Sintiri

Wannan ku bi shi a hankali don ya fi komai haɗari. Kar ku kafa 'yan sintiri sai da sanin DPO da mai unguwa, a rubuta sunan kowa da hotonsa da wanda ya tsaya masa, 'yan unguwa sanannu ba baƙi ba, a ba su tocila da usur da ɗan alawus a kan lokaci, wanda ba a biya ba shi ne gobe zai fara karɓar na goro a hannun waɗanda aka sa shi ya kama. Doka ɗaya da ba sassauci: an kama mutum a miƙa shi ga 'yan sanda, ba duka, ba ɗaurewa a jikin turke, ba ɗaukar bidiyo. Kowa ya tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano hutun sallah 'yan sintirin garin suka tare su, aka yi musu ihun masu garkuwa, aka kashe su. Mun yi kuka mun yi Allah wadai, amma ihun ɓarawo a layinmu ma haka yake farawa.

'Yan siyasa da maƙwabta

Da zarar an ga kuna tara mutane 'yan siyasa za su zo, musamman in zaɓe ya matso. Kar ku kore su, ai kuɗin jama'a ne a hannunsu. Wanda ya kawo siminti a karɓa a gaban kowa, a rubuta, a yi godiya, na ɗaya jam'iyyar ma in ya kawo haka. Abin da ba za a yarda ba shi ne hular wani ko hotonsa a allon ƙungiya, ko a ce ƙungiya ta yi mubaya'a. Duk shugaban da ya samu muƙamin jam'iyya ko ya fito takara ya sauka, a sa wannan a cikin dokokin tun ba a san wa zai fara shafa ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun ga irin wannan da ƙungiyar matasan nan ta Samariya, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da ita, matasa suka yi ta gina ajujuwa da share gari, amma da yake ta jingina da gwamnati, da iskar siyasa ta juya a farkon shekarun 1990 sai ƙarfinta ya tafi tare da masu mulkin.

Sannan ku leƙa unguwannin da ke kewaye da ku. Ruwan kwatarku wani layin yake gangarawa, ɓarawon da kuka kora can zai koma, tiransifoman ma sau da yawa unguwa biyu ke sha. Ba sai kun narke kun zama ƙungiya ɗaya ba, nan ma rigimar wa zai zama ciyaman ce za ta taso, kowa ya riƙe tasa da asusunta, sai dai shugabanni su riƙa zama duk bayan wata uku, a sa ranar yashe babbar kwata tare daga ƙasa zuwa sama, 'yan sintiri su yi musayar lambar waya, takardar da za ta je ma'aikatar muhalli ko ta ayyuka kuma ta tafi da hatimin masu unguwa huɗu maimakon ɗaya. Ku kuma nemi kwamitocin da dama suna nan a takarda, kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC da kwamitin ci gaban mazaɓa da ke haɗe da asibitin sha-ka-tafi, wasu suna aiki wasu suna ne kawai, ku tura mutanenku ciki maimakon ku kafa kishiya.

Abu na ƙarshe, littafi. A sayi babban littafi mai bango mai tauri guda biyu, ɗaya na kuɗi ɗaya na abin da aka yanke a mitin, da fayil na risitai da kwafin takardu masu tambari. Waya takan ɓata ko a ƙwace, admin ɗin guruf yakan yi fushi ya cire kowa ya fita. Ranar miƙa mulki a ƙirga komai a gaban mai unguwa, littattafan da fayil da shebur da baro in kun saya, tsohon ma'aji da sabo su sa hannu, a cikin satin kuma a je banki a sauya masu sa hannu kafin wani ya yi tafiya.